Shekarar da Ban Ga Sabon Yunifom Ba

Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku yadda na koyi ɗinki, na rubuta aurena da uwarku, har hajjin da bai yiwu ba na rubuta, duk don kada in iso nan. To ido yana ƙara raguwa, zare ma yanzu sai an zura mini a allura, saboda haka gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa muku da nasa. Nasiru, ban manta ranar da ka yi dambe da ɗan mai nama a bakin kasuwa ba, don ya ce ubanka Tela Isa ne ya sa aka kori Malam Haruna hedimasta daga Talata Mafara. Ka fasa masa baki a banza. Yaron bai yi ƙarya ba, rabin labarin ne kawai ya sani.

Sai na fara da Rabi. Ƙanena Sani manomi ne a Dosara. Zazzaɓi ya ɗauke shi a tsakiyar damina, matarsa ta bi shi wajen haihuwa tun ba a yi girbi ba, suka bar yarinya ɗaya da ba a daɗe da yaye ta ba. Na je na ɗauko ta, uwarku Hajara ta kwance zanenta ta goya ta, shi ke nan. A gidanmu, tun kakanni, ba a kiran ɗan ɗan'uwa maraya muddin akwai namiji mai numfashi a dangi. Wanda ya kira shi haka, mai riƙon ya zaga. Ba zama muka yi muka shirya ɓoye mata ba, abu ne dai da ba a faɗa. Yayyenku mata da suka yi aure sun sani, suka kama bakinsu. Kai Nasiru shekara ɗaya ka ba ta, ba ka iya tunawa. Ta tashi tana ce mini Baba kamar kowa, kuma da na kai ta firamare da hannuna, sunan da na ba da shi ne Rabi Isa.

Shekarar da nake magana a kai, Rabi tana aji biyar. Ita ce shekarar da mutanen ƙauyuka suka fara kwararowa gari da tabarminsu a ka, daga wajen Maradun, daga bayan Morai, kowa ya bar gonarsa saboda masu bindiga. Azuzuwa suka cika, yara suna zaune a ƙasa, rabinsu ba takalmi. Ni ma abin ya taɓa ni, domin manoma ne masu kawo mini ɗinki bayan kaka, kuma wanda bai girbe ba ba ya ɗinka riga. Keken ɗinkina yakan yini a rufe. Ni tela, amma yunifom ɗin Rabi sau uku ina yi masa faci, har na rasa inda zan soka allura. A cikin wannan hali Malam Haruna ya tara kwamitin iyaye da malamai, wanda nake ciki, ya ce gwamnati ta ƙaro wa makarantu wani kaso na musamman don marayu da 'yan gudun hijira da 'ya'yan marasa ƙarfi, a yi musu yunifom, takalmi, jaka da littattafai. Ya ce duk wanda ya san gidan da ya cancanta, ya same shi shi kaɗai ya gaya masa. Ban san ko wani ya dube ni ba ko ni ne na ji kamar an dube ni. Na dai ji bakina ya buɗe.

"Ni dai gidana babu maraya. Wanda duk yak kawo min kayan marayu, ƙohwar gida za ni ƙone su."

Malam Haruna ya sunkuyar da kai. Dogon mutum ne siriri, mai yawan kallon ƙasa idan ana magana, kuma ni tun can ban cika yarda da mai kallon ƙasa ba.

Ku san halin ubanku. Ni mutum ne mai zargi, kuma ba haka kawai na zama ba. A kwamitin nan na ga an ce bencina suna hanya har itacen da za a yi su da shi ya tsufa. Na ga kwanon rufi ya sauka da safe, kafin la'asar ya zama rumfar wani. Idan aka ce gwamnati ta aiko, abin da nake fara tambaya shi ne, ta hannun wa? Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na sa rai ni za a ba ɗinkin. Ina kwamiti, shagona yana kan hanyar makaranta, aikina kuwa ko maƙiyina ba ya kushe shi. Na share keke, na sa masa mai, na zauna jira. Sati biyu, sati huɗu, hedimasta yana wucewa a babur yana ɗaga mini hannu, ko tsayawa ba ya yi.

Sai na fara sa ido. Kullum da safe yara suna wucewa ta gaban shagona, ni kuwa tela ne, sabon yadi ko daga nesa na san shi. Yana da ƙyalli, yana da tauri, karin ninkinsa ba ya ɓacewa sai an wanke. Wata biyu ina duban kowane yaro daga wuya zuwa gwiwa, ban ga sabon yunifom ko ɗaya ba. Amma na ga Malam Haruna da bandir na shuɗin yadi a bayan babur, an naɗe shi da buhu, ya nufi hanyar Bakura. Wani satin na gan shi ya bi hanyar Maradun da wani ƙunshin. Na ce a raina, garin nan teloli sun ƙare ne? Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da na kai wa Malama Rifkatu ɗinkinta. Ita ce malamar ajin su Rabi, Kirista ce, aikin gwamnati ya kawo mijinta garin nan, kuma ni ke ɗinka mata kayan zuwa coci. Da ta buɗe ƙofa sai na hango igiyoyi uku a tsakar gidanta, cike da yunifom na yara, duk sun koɗe, suna shan rana. Ta ga inda idona ya tafi, ta ɗan jawo ƙofar, ta ce wanki take yi. Matar da 'ya'yanta biyu ne. A hanyar komawa na gama haɗa labarina tsaf. Suna sayar da sabon yadi a Bakura, suna tattaro tsofaffin kaya su wanke, don idan an zo bincike a sami abin nunawa.

A cikin kwanakin nan ne Rabi ta fito da wani yunifom da ban sani ba, da takalmin roba mai ɗan ƙura. Hajara ta ce 'yar'uwarta ta Morai ce ta aiko da na ɗiyarta da ya yi mata kaɗan. Na karɓa na juya cikinsa, kamar yadda kowane tela yake yi da aikin wani. Yadin ya koɗe, amma zaren kalmasa fari ne tas, bai taɓa cin datti ba, kuma rigar ta zauna wa Rabi kamar an gwada ta. Na riƙe ta a hannu na daɗe. Abin da kawai ya zo mini shi ne kishi, na ce wannan telan hannunsa yana da kyau. Ni da na zargi gari duka, ban zargi abin da ke cikin tafin hannuna ba.

Akwai wani Alhaji Mamman mai shagon yadi, shi ma ɗan kwamiti. Da can sai mu yi wata ba mu gaisa ba, amma a lokacin nan kusan kullum sai ya zo shagona da goro, ya zauna, ya ce shi abin yana damunsa saboda Allah. Ba ya cewa an ci, sai dai ya ce, kai da kake da ido, me ka gani? In na faɗa, ya girgiza kai ya yi salati. Da zuciyata ta cika, na tafi ofishin hedimasta. Mun gaisa yadda ya kamata, gida, iyali, gajiya, yara, sannan na ce masa na zo tambayar kayan marayu.

"Kaya sun kai ga masu su, Tela," ya ce.

"Su wane na masu su? Ni ban ga yaro guda da sabon kaya ba."

"Alhamdu lillahi," ya ce, har da ɗan murmushi. "In kai ba ka gani ba, to babu mai gani."

Na ɗauka ba'a yake yi mini. Na fita ko sallama ban yi ba. Cikin satin aka rubuta takardar ƙorafi a shagon Alhaji Mamman, shi ya kawo mai rubutun, amma da aka zo sa hannu ya ce ni ne babba, ni zan fara. Sunana ne a sama, nasa yana can ƙasa. Da na gaya wa Hajara, tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta ce in bar maganar nan, mutumin nan bai cuce mu ba. Na tambaye ta ta ina ta san shi har take ba shi shaida. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe. Har ita ma na ɗan zarge ta a ranar, Allah Ya yafe mini.

Masu bincike suka zo, mutum uku. Suka duba takardu suka ce ba su ga inda aka ci komai ba, ga shaidar mai yadi, ga ta teloli a Bakura da Maradun. Na ce a raina, takarda ai sayenta ake yi. Amma suka kama shi da wani laifin. Ƙa'ida ta ce a raba kaya a bainar jama'a, a ɗauki hoto, a buga tambarin tallafi a jikin jakunkuna, shi kuwa bai yi ko ɗaya ba. A gaban kwamiti na miƙe na ce, idan gaskiya ne, ya karanta sunayen yaran yanzu kowa ya ji. Malam Haruna ya ɗago kai, karo na farko da na ga ya dubi mutum ido cikin ido, kuma ni ya duba.

"Tela Isa, ka tabbata kana son a karanta?"

"Awo. Mi kaka ɓoyo?"

"Ɗiyan mutane na. Iyayensu sun ba ni amana. Ku ɗauke ni daga nan in kun so, amma ba da bakina ba."

Kafin ƙarshen zangon aka mayar da shi wata ƙaramar makaranta a wajen Birnin Tudu. Mutane suka riƙa tsayawa a shagona suna cewa na yi jihadi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba.

Sabon hedimasta ba mugu ba ne, mai tsoron takarda ne. Ya ga abin da ya sami na gabansa, ya rantse shi sai abin da ƙa'ida ta ce. Ya umarci Malama Rifkatu ta ba shi jerin sunayen da ke hannunta, ya cika takardun gwamnati, inda ake rubuta sunan uban da ya rasu da garinsu. Da kaso na biyu ya zo, aka sayi yadi a shagon Alhaji Mamman, ɗinkin kuma aka ba wani ɗan'uwan matar Alhajin. Ni aka ba ni kujera. An kafa rumfa a filin makaranta, an kawo lasifika da mai hoto, an jera yara duka a rana, ni kuma an zaunar da ni a gaba, Alhaji Mamman ya ce tunda ni na tsaya wa gaskiya, ni zan riƙa miƙa kaya. Jakunkunan ruwan ɗorawa ne masu haske, da rubutu manya a baya, yadda ko daga ƙarshen layi za a san mai ita. Aka fara kira. Wane ɗan wane, maraya. Wance ɗiyar wane, 'yar gudun hijira. Yara suna fitowa kai a ƙasa, sauran suna leƙe suna raɗa. Na miƙa wajen ashirin, ina murmushi saboda hoto, sai na ji lasifika ta ce Rabi Sani, Dosara, marainiya.

Babu wanda ya motsa. Aka sake kira. Na ji jakar da ke hannuna ta yi nauyi, na so in miƙe in ce a wuce, amma ban miƙe ba. Hedimasta ya duba takardarsa, ya matso da bakinsa kusa da lasifika don ya taimaka.

"Wadda aka sani da Rabi Isa, aji biyar."

Na ga Malama Rifkatu ta rufe fuska da gyalenta. Na ga Nasiru, kai, a layin 'yan aji shida, kana waige-waige kana dariya, ka ɗauka kuskure aka yi. Rabi ta fito a hankali cikin koɗaɗɗen yunifom ɗin nan mai farin zare. Ta tsaya a gabana ta dube ni, tana jira in ce ƙarya ne. Ban ce ba. Mai hoto ya ce mu riƙe jakar tare, muka riƙe.

Na riga ta isa gida. Hajara ta ji labari tun ban shigo ba, kuma ranar ce kaɗai a zamanmu da ta yi mini magana a tsaye. Ta ce Malam Haruna dangin uwarsa mutanen Dosara ne, da shi aka yi jana'izar Sani, ya san komai tun ranar da na kai Rabi makaranta. Ya ga facin da ke jikin rigarta, ya kuma ji rantsuwar da na yi a kwamiti. Shi ya sa ya kai ɗinki garuruwan da ba a san yaranmu ba, don kada telan gari ya san wa aka auna. Malama Rifkatu ke auna su da ido a aji, ita ke wanke kayan sau da yawa tana shanyawa a rana har ƙyallin ya mutu, takalman ma sai ta goga musu ƙasa. Sannan ta bi gidaje kamar mai ziyara, ta ba matan gida, kowace ta ce wa mijinta daga dangi ne. Haka aka yi wa gidaje da yawa, kuma babu namijin da ya sunkuyar da kai a masallaci.

"Kai kac ce ƙone su za ka yi," in ji Hajara. "Ɗiyata na tahiya makaranta da tsumma. Mi kaka so in yi?"

Muna nan tsaye Rabi ta yi sallama. Ta ajiye jakar a bakin ƙofa, ta durƙusa kamar yadda ta saba, ba kuka, ba fushi a fuskarta.

"Sannu da gida, Baffa."

Ban san wa ya koya mata ba a tsakanin makaranta da gida. Wataƙila babu wanda ya koya mata, ta dai lissafa cewa wan uba haka ake ce masa.

Washegari ta ce kanta yana ciwo. Haka jibi, haka gata. Ba ita kaɗai ba. Daga shagona na riƙa ganin jakunkunan ruwan ɗorawa suna raguwa a hanya, wasu yaran sun juya rubutun ya koma ta bayansu, wasu sun zuba littattafai a leda, wasu kuma ban sake ganinsu ba sai a kasuwa da faranti a ka. Yara sun sa wa masu sabon kaya suna, ba zan rubuta shi a nan ba. Alhaji Mamman kuwa goronsa ya ƙare, bai sake taka shagona ba. Har yau ban san ko ya san da sunan Rabi a jerin ba lokacin da ya ce ni zan miƙa kaya. Ina zarginsa, amma na daina yarda da zargina kamar da.

Da Rabi ta yi sati uku a gida, na hau mota zuwa Bakura, na ƙarasa Birnin Tudu a babur. Na sami Malam Haruna a inuwar aji, ya shimfiɗa tabarma yana duba littattafan yara. Ya tare ni kamar baƙon da ya daɗe yana jira, ya sa aka kawo ruwa, muka yi doguwar gaisuwa, hanya, gida, mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Iyalinsa suna can gari, shi yana nan yana kwana a ɗakin aro, duk saboda ni. Tambaya ɗaya ya yi, ko Rabi tana zuwa makaranta. Na ce a'a.

"To tahi ka wanke kayan," ya ce. "Kai tela na, ka san yadda yadi ka mutuwa. Ka yi da hannunka, ta gani."

Na koma na yi. A tsakar gida, gaban uwarku da ku duka, na zauna da bokiti na wanke sabon yunifom na shanya, ya bushe na sake wankewa, kwana huɗu. Na farke jakar ruwan ɗorawa, na ɗinka wata da ragowar yadin shago, na sa mai ruwan ɗorawar a ciki ta zama shafi. Matan yaran unguwa suka ji, suka riƙa aiko da nasu, na yi musu ban karɓi komai ba. Rabi tana kallona daga bakin ɗaki. Ranar Litinin ta sa kayan ta tafi. Ta gama firamare, ta gama sakandare, kun san inda take aiki yanzu. Wasu daga cikin yaran da na miƙa wa jaka ba su koma ba har abada, kuma ina gane su idan sun wuce.

Saboda haka kada wanda ya sake yin faɗa a kaina. Idan kun haɗu da Malam Haruna ko 'ya'yansa, ku durƙusa ku gaishe su. Rabi kuma kada ku ce mata komai a kan wannan babin. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, ita ke saya mini maganin ido, ita ke fara zuwa idan na kwanta ciwo. Na yi shekaru ina jira ko bakinta zai kuskure ya koma yadda yake, bai kuskure ba. Bara da ta haihu, mijinta ya ba ta zaɓin suna, ta ce Sani. Na yi murna, ƙanena ne, ya cancanta. Amma kun san mace ba ta kiran sunan ubanta, sai ta saka wa yaro wani laƙabi. Duk Juma'a tana zuwa gidan nan da shi, ina zaune a zaure, sai in ji muryarta daga tsakar gida tana cewa, Baba, zo nan, Baba, bar wannan. Kowane karo sai na juya.